Kyamarar shagonka na iya yi wa ɓarayin intanet aiki ba ka sani ba

Kwanakin baya wani Alhaji mai sayar da albasa a Mile 12 ya kira ni in duba masa kyamarorin tsaro da aka kafa masa a sito. Na tambaye shi kalmar sirrin na'urar, ya ce shi ba a taɓa ba shi wata kalma ba. Na buga "admin", sai ga ta ta buɗe. Na ce, "Alhaji, ai ƙofar nan a buɗe take tun ranar da aka kafa ta." Ya yi dariya ya ce, "To wa zai ɓata lokacinsa yana kallon buhunan albasa?" Bayanin da na yi masa a ranar shi na ga ya dace in kawo wa 'yan uwa a nan.

Mu fara da abin da ake kira DNS. Baƙo ya sauka a Sabon Ibadan ko Agege, ya san sunan wanda yake nema amma bai san gidansa ba. Sai ya nufi wajen mai unguwa, a kwatanta masa. Haka wayarka take yi. Kai suna ka sani, kamar na bankinka ko Facebook, ita kuwa na'ura lamba take ganewa. Duk sanda ka buga suna, wayar sai ta tambayi wata babbar kwamfuta, ita ta ba ta lambar. Waɗannan kwamfutoci su ne DNS. In suka yi shiru, shafin yana nan lafiya lau, amma ba mai iya kai wa gare shi.

Hanya ta farko da ake cutar da su ita ce cunkoso. A ce mutum dubu sun cika ƙofar mai unguwa suna ta tambayar banza, ai baƙon gaskiya ba zai samu shiga ba. Haka aka yi ranar 21 ga Oktoba, 2016, ga kamfanin Dyn na Amurka, wanda a lokacin yake riƙe wa manyan shafuka DNS. Twitter da Netflix da PayPal suka gagari mutane da yawa a Amurka da Turai na tsawon sa'o'i. Su wa suka yi cunkoson? Kyamarorin tsaro da rautocin gidajen mutane, waɗanda wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama. Dabararta kuwa ba wata mai zurfi ba ce: tana yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 da na'urori ke fitowa da su daga masana'anta. Wadda ta buɗe, ta zama baiwarta, mai ita bai sani ba.

Kar a ce abin na Turawa ne kawai. A shekarar dai aka yi amfani da irin Mirai aka durƙusar da kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, kuma a 2019 wata kotu a Ingila ta ɗaure Daniel Kaye kan wannan aika-aika.

Hanya ta biyu ta fi ban tsoro, wato a sa mai unguwa ya kwatanta maka gidan ɓarawo. A 2008 wani masani, Dan Kaminsky, ya gano cewa ana iya cusa wa DNS amsar ƙarya, saboda lambar da ke tantance amsa zaɓi 65,536 kacal gare ta, kuma kwamfuta na iya cankar ta. Ka buga sunan banki daidai, a kai ka shafin bogi. An fitar da gyara a watan Yulin shekarar, sannan a 2010 aka sa wa tushen DNS wani irin sa hannu da ake kira DNSSEC, mai tabbatar da cewa amsa daga inda ya dace ta fito.

Manyan kamfanoni suna kare kansu ta hanyar rarraba kwamfutocinsu a garuruwa da yawa, ta yadda cunkoson zai kasu. Mu ma da namu aikin. Ka canza kalmar sirrin kyamara da rauta da MiFi tun ranar farko, kuma kar ka bar mai kafawa ya tafi bai nuna maka yadda ake yi ba. Kashe na'ura a kunna yana korar Mirai, amma in kalmar tana nan yadda take, sake kamawa ba ta da wuya. In ba ka kallon kyamarar daga nesa, a rufe wannan hanyar. In shafin banki ya nuna gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne, tsaya nan, kar ka sa lambar sirrinka. Mai shafin kasuwanci kuma ya tambayi wanda ya gina masa ko akwai DNS na biyu a wani kamfani daban.

Alhaji dai bai bar ni na tafi ba sai da muka canza ta sito da ta gida. Ya rubuta su a littafin bashi, ya ce nan ne ba mai taɓawa sai shi.