Kunne Ya Girmi Kaka: Wata Uku Ina Gwajin Iyafis Marar Igiya

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja a 'yan shekarun nan, ya kuma ɗaga kai ya dubi abokan tafiyarsa, zai ga abin da a da ba a saba gani ba. Daga ma'aikacin banki zuwa ɗalibar jami'a, har ma da dattawa masu furfura, kusan kowa da wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa maƙale a kunne, yana gyaɗa kai shi kaɗai, ko kuma yana ta zuba magana alhali babu kowa a gabansa. Na daɗe ina yi wa wannan abu kallon kayan yara, har ranar da igiyar tsohon iyafis ɗina ta sarƙe da hannun jaka a tashar Rigasa, ta fizgo wayata ta buga da ƙasa. Kuɗin da na biya na sauya gilashi shi ya sa na ce bari ni ma in bi sahu. Na ce "marar igiya" ne, mai karatu, domin in na ce "marar waya" sai a rasa wace wayar nake nufi.

Mu da muka taso da kaset mun san daga inda aka faro. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, wanda ya fara bai wa mutum damar tafiya da kiɗansa a ƙugu ba tare da ya dami kowa ba, kuma har yau ban manta yadda muke zura biro a cikin kaset muna juyawa don kada batir ya ƙare ba. A 2001 Apple ya fito da iPod, a shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya. Amma igiya ba ta fara barin kunnuwan jama'a gadan-gadan ba sai a 2016, lokacin da Apple ya toshe ramin iyafis a wayar iPhone 7, ya kuma kawo AirPods a kan dala 159. Sauran kamfanoni suka yi ta yi masa dariya, daga baya kusan dukkansu suka bi bayansa. Fasahar da ke ɗauke da sautin, wato bulutut, ta girmi wannan da nisa: a kamfanin Ericsson na Suwidin aka fara aikinta cikin shekarun 1990, aka kuma ara mata laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na 10, Harald mai shuɗin haƙori. Zangonta bai cika wuce mita 10 ba, in kuma akwai bango a tsakani sai ya ragu.

Yau kasuwa ta cika ta batse. Wanda ya leƙa Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja zai tarar da na Apple da Samsung da Sony da JBL, ga kuma Oraimo, ɗan gidan kamfanin Transsion na ƙasar Sin mai yin Tecno da Infinix da itel, wanda ya fi zama a aljihun talaka. Ni dai guda uku na gwada. Na farko na saye shi a hannun wani yaro mai talla a bakin tasha, da kuɗin da bai fi na cin abincin rana biyu ba, kwalinsa sak na wani fitaccen kamfani. Na biyu matsakaici ne, na shago, mai takardar garanti. Na uku kuwa mai tsada ne ƙwarai, aron sa na yi daga ƙanina, bayan ya ja mini kunne kamar zan tafi da amaryarsa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a wannan ciniki ji ne ya kamata ya kori gani. Mai shago zai sa maka waƙar zamani mai dukan ƙirji, ya ƙure sauti, ya ce, "Alhaji, ka ji bes?" Lallai za ka ji. Yawancin masu rahusa da gangan ake ƙara musu wannan amo mai kauri, domin shi ne ke burge kunne a minti biyun farko. Ni kuma da na koma gida sai na gwada su da abin da na saba saurare. Na sa Mamman Shata. A na farkon, kalangu ya zama wani gunji kawai, muryar Shata ta koma can baya kamar yana waƙa daga cikin rijiya, 'yan amshi kuwa suka dunƙule suka zama murya ɗaya. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka yadda harshenmu ke hawa da sauka, kuma waƙar Hausa kacokan a kan kalma ta dogara. In kalma ta ɓace me ya rage? Da na sa Ɗan Maraya Jos sai abin ya fi muni: kuntigi, mai tsirkiya ɗaya da siririn amo, ya koma kamar ana kaɗa cokali a gwangwani. A na biyu na ji komai a muhallinsa, musamman da na shiga manhajarsa na rage kaurin amon. Na uku ya fi shi tsabta, ban musa ba, har ƙarar tsohon kaset ɗin da aka kwafo waƙar daga ciki na riƙa ji. Amma fifikon bai kai ninkin da ke tsakanin kuɗinsu ba.

A nan ne nake ganin ake yi wa masu ilimi wayo. Za a nuna maka wasu haruffa a jikin kwali, SBC da AAC da aptX da LDAC, waɗanda hanyoyi ne na matse sauti kafin a aika shi ta iska. Gaskiya ne LDAC na Sony yana iya ɗaukar bayanai kusan ninki uku na SBC, sai dai dole wayarka ma ta san shi, kuma iPhone ba ta aiki da shi ko da aptX. Bayan haka, yawancin waƙoƙin da ke wayoyinmu an riga an matse su tun kafin su iso gare mu, wasu daga kaset aka juyo su, wasu sun bi ta hannu goma a wajen masu tura waƙoƙi. Faɗin hanya ba ya ƙara wa jaki gudu.

Abin da ya fi waɗannan haruffa muhimmanci, wanda kuma ba wanda ya gaya mini, shi ne 'yar robar da ke bakin iyafis. Akan sa girma uku a kwali. Na yi mako biyu ina ƙorafin na biyun ba shi da ƙarfi, ashe robar ce ta yi wa kunnena na hagu kaɗan, sauti na zurarewa. Da na sauya ta sai ka ce sabo na saya. Wanda ba shi da roba ɗungurungum kuwa, a adaidaita sahu ba abin da za ka ji sai inji da iska, ga shi da saurin faɗuwa. Mu kuma masu cirewa sau biyar a rana don alwala, wannan ba abin wasa ba ne. Ɗan kunnen dama na iyafis ɗina na farko a magudanar ruwan wani masallacin tasha ya ƙare, kuma ban yi masa kuka ba.

Na uku yana da fasahar kashe hayaniya, wadda ta samo asali daga na'urorin kunne na matuƙa jirgin sama. Ƙaramin makirfo ne ke sauraron ƙarar waje, na'urar ta ƙirƙiro kishiyarta, su haɗu su kashe juna kafin su kai ga dodon kunne. A cikin jirgin ƙasa abin ya ba ni mamaki, domin gurnanin ƙarfe ya ɗauke kamar an rufe ƙofa, haka ma ƙarar janaretan maƙwabcina da dare. Amma a kan ƙara mai ɗorewa iri ɗaya kawai yake da wannan ƙarfi. Kukan jariri da muryar mai tallar ruwa suna ratsowa. Na biyun ma an rubuta yana da ita, sai dai tasa ba ta wuce a ce an rage wa gurnanin kaifi ba.

Batun batir ba shi da daɗin ji. Na biyu da na uku sukan yi awa biyar zuwa shida, in an kunna kashe hayaniya su ragu, ɗan gidansu kuma ya sake cika su sau uku ko huɗu, wanda a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama alheri ne babba. Matsalar ita ce batirin litiyom ba ya shiri da zafi, kuma wanda ya bar shi a mota a rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, yana rage masa kwana ne. Ko an lallaɓa shi, bayan shekara biyu zuwa uku ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma a yawancinsu manne batirin aka yi da gam, ba a sauyawa. Kamfanin iFixit na Amurka, mai auna sauƙin gyaran na'urori, sifili cikin goma ya bai wa AirPods na farko. Ke nan ko mai tsadar haya ka ɗauka ta 'yan shekaru. Mai saye ya kuma duba lambar IP: lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 yana jure gumi da yayyafi amma ba a auna shi da ƙura ba, mu kuwa da muke shan hazon hunturu irin su IP54 ne suka fi dacewa da mu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wata na biyu, bayan wata doguwar tafiya a mota da na yi da iyafis marar toshe kunne sosai, ina ta ƙara sauti don in rinjayi inji, na kwanta da dare sai na ji wani siririn fito a kunnena na hagu. Na tashi na duba soket, na duba firij, ashe a kaina yake. Likitan kunnen da na gani ya yi mini bayanin da ya tsorata ni: a can cikin kunne akwai dubban ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa, kuma wanda ƙara ta kashe a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ba ciwo ake ji ba, shi ya sa ba a farga. Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan saurare. Ma'auninta ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. In sauti ya kai desibel 90, awa 4 kacal ke nan a mako guda. Wayoyinmu kuwa in an ƙure su suna iya haura 100. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin sauti. A nan ne na gane ainihin amfanin roba mai kama kunne da fasahar kashe hayaniya: ba daɗin kiɗa kawai suke ƙarawa ba, hana ka ƙure sauti suke yi. Ina tunanin 'ya'yanmu da ke kwana da abin nan a kunne, da 'yan mata da ke sa shi a ƙarƙashin hijabi daga safe har dare ba wanda ya sani.

Akwai kuma abin da likita ba ya aunawa. Wata safiya na fito daga gida kunnuwana biyu a toshe, na wuce wani dattijon unguwarmu, abokin mahaifina, yana zaune a dakalinsa. Da yamma ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ɗan nan, sau uku ina kiran sunanka. Girma ne ya zo, ko laifi muka yi?" Na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni, wallahi wani abu ne a kunnena." Ya karɓa ya jujjuya shi a tafin hannu, ya miƙo mini, bai ce komai ba. Da mai igiya ne da ya hango ta tun daga nesa ya yi mini uzuri. Wanda bai ji kiran dattijo ba kuwa, ba zai ji babur ɗin da ke tahowa ta bayansa ba, balle takun masu ƙwacen waya da suka addabi garuruwanmu.

Na mayar wa ƙanina nasa lafiya lau, na riƙe matsakaicin. A jirgi da cikin ofis nakan sa duka biyun, a titi kuwa ɗaya tak, a kunnen dama, sautin kuma na sa wa wayar iyakar da ba za ta haura ba. Tsohon mai igiyar yana nan a aljihun jaka saboda ranar da caji zai ƙare a hanya, kuma a kiran waya cikin iska har yanzu ya fi su fitar da murya, tunda makirfonsa a kusa da baki yake. Fiton kunnen hagu ya ragu sosai, sai dare ya yi tsit nake jin sa. Likita ya ce in koma bayan wata shida a sake aunawa.