A Koya Wa 'Yan Sakandare Lissafin Aljihu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos da kaka, ya ratsa Kwanar Ɗangora da Tudun Wada har ya kutsa dajin Falgore, zai ga buhunan masara jibge a bakin titi. Amma in ya sake bi a tsakiyar damina, sai ya tarar da magidantan da suka sayar da hatsin nan da araha suna neman rancen tiya guda. Matsalarmu ba ta rashin samu ba ce kaɗai, har da rashin tattali.

Yaronmu na sakandare ba baƙon kuɗi ba ne. A Bebeji yana ƙwadago a gonakin rani da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, a Kiru yana dako ranar kasuwa, ita kuma yarinya tana zubin adashi. Sai dai a aji ana koya masa lissafin allo, babu mai nuna masa bambancin uwar kuɗi da riba.

Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne. A 2016 MMM ya lamushe dukiyar jama'a, a 2025 CBEX ya maimaita, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne. A shekarar ta 2025 farashin masara ya faɗi, taki kuwa na da tsada, manomin da bai rubuta abin da ya kashe ba bai ma san iyakar asararsa ba.

Ba sai an jira sabon littafi ba. Babban Bankin Nijeriya da hukumar tsara manhajar karatu, wato NERDC, sun riga sun fitar da manhajar ilimin tattalin kuɗi, saura aiwatarwa. Malamin lissafi ya sa ɗalibi ya ƙididdige kuɗin noman gonar gidansu, daga iri zuwa sussuka. Malamin addini ya sa shi fitar da zakkar amfanin gona: ɗaya bisa 10 a noman damina, ɗaya bisa 20 in da wahalar ban-ruwa. Kowane ɗalibi kuma ya riƙe littafin shiga da fita na zango guda.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Muna kira gare ta da shugabannin makarantun Doguwa zuwa Bebeji da su sanya wannan darasi a gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.