Ƙungiyoyin fararen hula: yadda maƙwabta ke kama wa juna aiki

A kowane gari akwai ƙungiya. Akwai ta manoma, akwai ta makiyaya, akwai ta mata masu adashe, akwai ta iyayen ƴan lakwal. Ba gwamnati ce ta kafa su ba. Ba jam'iyyun siyasa ba ne, domin ba mulki suke nema ba. Mutane ne suka ga matsala, suka haɗu domin su magance ta. Su ne ake kira ƙungiyoyin fararen hula.

Daga cikinsu akwai masu sa ido kan yadda ake mulki. Suna duba ko an yi zaɓe na gaskiya, ko an bi doka, ko talaka ya samu hakkinsa. Aikin yana da wuya, domin mai riƙe da mulki ba ya son a yi ta leƙa masa rumbu. Ƙungiyar da ke ita kaɗai a ƙasarta, rufe mata baki ba wuya. Shi ya sa ƙungiyoyin Afirka ta Yamma suka ƙulla zumunta tsakaninsu. Aikin gayya ne, sai dai gonakin suna ƙasa daban-daban.

Inda abin ya faro

A watan Fabrairu na 1990 aka yi babban taron ƙasa a Kwatano, ƙasar Benin. Ma'aikata, ɗalibai, malaman addini da sojoji suka zauna kwana 10, suka kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. A cikin watan nan ne, ran 9 ga wata, aka harbe ɗalibai 3 a gadar Kennedy ta Yamai. Labarin Benin ya iso Nijar ta rediyo, kuma ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN suka ce su ma taron ƙasa suke so. An buɗe shi ran 29 ga Yuli 1991, aka rufe ran 3 ga Nuwamba. Kafin a buɗe, mata suka ga mace ɗaya tak aka saka cikin kwamitin shirya taron. Ran 13 ga Mayu suka fito kan titi, dole aka ƙara musu kujeru.

Cikin waɗannan shekaru ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa. A Nijar an kafa ANDDH mai kare hakkin ɗan Adam, da Timidria mai yaƙi da bauta, duk a 1991. A Kwatano wani lauya, Sadiku Alawo, ya kafa GERDDES a 1990, ta yi rassa a ƙasashe da yawa har da Nijar. Tana cikin ƙungiyoyin Afirka na farko da suka fara aika mutane su shaidi zaɓe a ƙasar maƙwabta. Kafin nan, masu zuwa kallon zaɓe yawanci Turawa ne.

Yaya ake sa ido kan zaɓe?

Ɗan sa ido ba ɗan takara ba ne, ba wakilin jam'iyya ba ne. Yana zuwa rumfar zaɓe tun da asuba. Yana duba ko akwatin fanko ne kafin a rufe shi. Yana duba ko mutum yana shiga shi kaɗai wurin zaɓar wanda yake so. Da maraice yana tsayawa har a ƙirga ƙuri'u, ya rubuta abin da kowane ɗan takara ya samu.

To amma rumfuna dubbai ne, ba ƙungiyar da ke da mutanen da za su isa ko'ina. Nan ne wata dubara ta shigo. Mai sayen hatsi a kasuwa ba ya zazzage buhu duka. Yana tura hannu sama, tsakiya da ƙasa, ya ɗebo kaɗan-kaɗan, ya san ko hatsin mai kyau ne. Haka ake yi da zaɓe. Ana tsamo wasu rumfuna daga kowace jiha, birni da ƙauye, ba tare da son rai ba. Ana aika mutum ɗaya a kowace. Da an gama ƙirga, sai ya aiko da sakamakon ta salula. Idan aka haɗa, ana sanin kusan abin da ƙasa duka ta zaɓa. Idan hukumar zaɓe ta faɗi abin da ya yi nisa da wannan, kowa zai gane an taɓa lissafi a kan hanya.

A Gana, haɗin ƙungiyoyi mai suna CODEO, wanda aka kafa a 2000, ya yi aiki da wannan dubara a zaɓen 2008, a rumfuna fiye da 1,000. Zaɓen ya yi zafi ƙwarai. Cikin ƙuri'u kusan miliyan 9, ƙuri'a wajen 40,000 ce ta raba Atta Mills da Akufo-Addo. Lissafin CODEO ya yi daidai da na hukumar zaɓe, kuma wannan ya taimaka wajen kwantar da hankali. Jam'iyya mai mulki ta miƙa kujera. A 2011 ƙungiyoyi 4 na Nijeriya, ciki har da FOMWAN ta mata musulmi, suka yi irin wannan ƙirga. Ƙungiyoyin Burkina Faso da na Kodibuwar suka yi a 2015. Tun 2010 masu sa ido na yankin suna da haɗin gwiwa guda mai ofishi a Akra, inda ƙasar da ta riga ta gwada take koya wa wadda za ta fara.

Dubarar tana da iyakarta. Tana kama satar da aka yi ranar ƙirga kaɗai. Wanda ba shi da takardar haihuwa, ko ba a rubuta sunansa cikin kundin masu zaɓe ba, an riga an cuce shi tun kafin ranar. Mutanen karkara, musamman mata da makiyaya, su ne suka fi faɗawa wannan rami.

Koyarwa ba daga waje kaɗai take shigowa ba. Tsarin asusun Mata Masu Dubara ya faro ne a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa Mali da ƙasashe masu yawa. Macen da ta saba zaɓen shugabar asusu da ƙirga kuɗi gaban kowa, ta riga ta san rabin aikin. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, wasu daga cikin matan nan sun tsaya takara, sun shiga majalisar magajin gari.

Ƙofar da ƙungiyoyi suka buɗe

Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, an kafa ta a Legas a 1975. Tana da kotu a Abuja. Da farko gwamnatoci ne kaɗai ke iya kai ƙara can. A 2003 Nijeriya ta rufe iyakarta da Benin, wani ɗan kasuwa mai suna Afolabi ya yi asara, ya kai ƙara. Alƙalai suka ce ba su da ikon sauraren mutum shi kaɗai. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare hakki na ƙasashe da dama suka ɗauki maganar, suka yi ta bin ministoci. A watan Janairu na 2005 shugabanni suka sa hannu: duk wanda aka take masa hakki yana iya kai gwamnatin ƙasarsa ƙara, ko da bai gama bin kotunan gida ba.

Wata mata ta yankin Ƙwanni, Hadijatu Mani, tana cikin waɗanda suka fara shiga wannan ƙofa. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jikka 240. Ta zama wahaya a gidan wanda ya saye ta. Ta yi aikin gida da na gona shekara 9, ba lada, ba sadaki, sai duka. A 2003 Nijar ta yi dokar hukunta masu bautar da mutane. A 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ba inda za ta, wai matarsa ce. Ta fita, ta auri wanda take so. Sai aka yanke mata hukuncin wata 6 a kaso, wai ta yi aure kan aure.

Timidria ta san ƙauyukan, ta san shaidu, ta san harshen mutane. Abin da ba ta da shi shi ne kuɗin doguwar shari'a da sanin dokokin ƙasa da ƙasa. Ƙungiyoyi 2 na Ingila, Anti-Slavery International da Interights, suka kawo wannan. Lauyan Nijar ya tsaya mata. Da yake ita talaka ce, ba ta iya kai shaidu Abuja, sai alƙalan suka taso suka zauna a Yamai a watan Afrilu na 2008. Ran 27 ga Oktoba suka yanke hukunci: an bautar da ita, kuma hukumomin Nijar sun ga abin ba su kare ta ba. Suka ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin, ta biya.

Wani zai ce mi ya haɗa wannan da dimokuraɗiyya, tunda ba zaɓe ba ne? Ya haɗa su. Ƙuri'a ba ta da amfani ga wanda wani ke riƙe da wuyansa. Kuma a ranar nan mutanen karkara sun ji a rediyo cewa mace marar karatu ta yi shari'a da gwamnati, ta yi nasara.

Maganar tazarce

Ita kanta kalmar baƙuwa ce. Daga Nijeriya ta ƙetaro, tun lokacin Janar Abaca. A 2009 shugaba Tanja Mamadu ya nemi ƙarin shekara 3. Ya rushe majalisar dokoki, ya rushe kotun tsarin mulki, ya kira zaɓen raba gardama ran 4 ga Agusta. Ƙungiyoyin ƙwadago da na fararen hula suka ƙi, aka kama wasu shugabanninsu, kamar Maru Amadu. Takwarorinsu na waje suka yi ta kai kuka CEDEAO, suna tuna mata yarjejeniyar Dakar ta 2001 a kan dimokuraɗiyya. A watan Oktoba CEDEAO ta dakatar da Nijar. Amma gaskiya ita ce ba wannan ne ya kawo ƙarshen rikicin ba. Sojoji ne suka kifar da gwamnati ran 18 ga Fabrairu 2010.

A Senegal abin ya ƙare ta akwatin zaɓe. Matasa ƴan jarida da mawaƙa suka kafa Y'en a marre a 2011, wato "mun gaji". Suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe. Abdullahi Wad ya nemi wa'adi na uku, ya faɗi a watan Maris na 2012. Matasan Burkina Faso suka ɗauki darasi, suka kafa Balai Citoyen a 2013, alamarsu tsintsiya. Blaise Compaoré ya yi shekara 27 kan mulki, ya so ya canza doka domin ya zarce, ya gudu ran 31 ga Oktoba 2014. A watan Maris na 2015 wasu daga Senegal da Burkina suka je Kinshasa domin su tattauna da matasan Kongo. Aka kama su duka. Baƙin aka kore su cikin ƴan kwanaki. Ƴan gida 2, Fred Bauma da Yves Makwambala, sai da suka yi fiye da shekara a kaso. Baƙo yana da jirgin komawa, ɗan gida shi ke kwana da wutar.

Inda sanda ta gaza

Yawancin manyan ƙungiyoyin nan da kuɗin Turai da Amurka suke aiki. Idan mai ba da kuɗi ya juya baya, ofishi ya rufe. Kuma wannan yana ba masu mulki abin faɗa, su ce ƴan amshin shatan waje ne. Taruka a manyan otel ake yin su, da Faransanci ko Ingilishi, manomin Dakwaro ko na Tanut ba ya jin ko labari. Wasu shugabannin ƙungiya kuma, da an ba su kujerar minista, sai murya ta dushe.

Ita ma CEDEAO ta ba su kunya. A 2015 an kawo shawarar a hana kowane shugaba wuce wa'adi 2, Togo da Gambiya suka ƙi, maganar ta mutu. A 2020 Alfa Konde na Gine da Alasan Watara na Kodibuwar suka yi wa'adi na uku, ba a hukunta kowa ba. Mutane suka fara cewa ƙungiyar tana fushi da juyin mulkin soja, amma tana kau da kai idan farar hula ya murɗe doka.

Bayan 2023

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. CEDEAO ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, aka yi barazanar yaƙi. Abinci da magani suka yi tsada, talakan Maraɗi da na Katsina suka sha wuya tare. A nan zumuntar jama'a ta yi aikin da gwamnatoci suka kasa. Ƙungiyoyi da yawa na arewacin Nijeriya suka fito suka ce ba su yarda a kai wa ƴan'uwansu yaƙi ba. A watan Agusta malaman addini na Nijeriya, ƙarƙashin Shehu Bala Lau, suka zo Yamai suka gana da Janar Tiani, a lokacin da manzannin CEDEAO suka kasa ganinsa. Ba a yi yaƙin ba. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES, kuma sun fita daga CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025. A watan Maris na shekarar aka rushe jam'iyyun siyasa a Nijar, aka tsayar da wa'adin mulki na shekara 5. Kotun Abuja kuwa ƙasashen da ke cikin ƙungiya kaɗai take yi wa shari'a. Ke nan ƙofar da Hadijatu ta shiga ta rufe ga wanda aka zalunta yau a Ƙwanni.

Ƙungiyoyin da ba a kan CEDEAO suka jingina ba, fitar ba ta tsinka igiyarsu ba. ROPPA ta haɗa manoman yankin tun 2000. Billital Maroobe ta makiyaya, wadda AREN ta Nijar ta kafa tare da takwarorinta na Mali da Burkina a 2003, tana da mambobi har a Nijeriya, Benin da Senegal. Makiyayan nan suna cikin waɗanda suka matsa har Nijar ta yi dokar kiwo ta 2010, wadda ta ce yawo da dabbobi hakki ne. Da rani garken Nijar yana gangarawa kudu neman ciyawa, kuma maganar burtali da mashaya sai an zauna da manoma da makiyayan can.