Matuƙa jiragen sama a Amurka: albashi, fansho da shingen kujera 76

Duk wanda ya taɓa tashi daga filin jirgin Yamai zuwa Jidda ko Dubai saro kaya, ya ga direban jirgi cikin farar riga da hula yana jan ƴar jakarsa, kuma da yawanmu mukan ce a zuci: wannan kam ya warke, shi da talauci har abada. To, mun duba yadda sana'ar take a Amurka, sai muka tarar da rigimar da kowane ɗan kasuwa ya sani: ta mai kaya da yaron shago, da ta alkawarin da aka ɗauka ranar ciniki aka kasa cikawa ranar karaya.

Sunan da ke jikin jirgi da mai tuƙa shi

Manyan kamfanonin ƙasar uku su ne American, Delta da United. Mutum zai sayi tikitin United, ya ga sunan United a jikin jirgin, amma in tafiyar gajera ce zuwa ƙaramin gari, sau da yawa wani ƙaramin kamfani ne ke tuƙa shi da nasa ma'aikatan. SkyWest ne mafi girma cikinsu. Wasu kuma mallakar manyan ne: Endeavor ta Delta ce, Envoy da PSA da Piedmont na American ne. Kamar dai babban ɗan kasuwa ya ba wani rumfa da sunansa a ƙofa, ya ce ya nemo yara masu araha su tsare. Ciniki na mai suna ne, wahala ta yaran ce: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matuƙan manyan kamfanoni sun gane cewa in ba a ja layi ba, wata rana aikinsu duka zai koma hannun masu arahar. Saboda haka sandikokinsu, wato ALPA da aka kafa a 1931, wadda ke wakiltar na Delta da United, da APA ta matuƙan American, suka sa aka rubuta wani sharaɗi cikin yarjejeniyar aiki. Jirgin da za a ba ƙaramin kamfani kada ya wuce kujera 76, nauyinsa lokacin tashi kada ya wuce kimanin tan 39, kuma akwai iyaka ga adadin irin waɗannan jirage. Duk jirgin da ya fi haka, dole matuƙin babban kamfani ya tuƙa shi, da cikakken albashinsa.

Wannan ƴan layukan rubutu sun girgiza har masu ƙera jirage. Kamfanin Embraer na Barazil ya ƙera sabon samfurin E175-E2 mai ƙarancin shan mai, amma nauyinsa ya zarce iyakar, sai aka jingine aikin, ana ci gaba da sayen tsohon samfurin. Mitsubishi na Japan ma nauyin jirginsa na SpaceJet yana cikin matsalolin da suka dame shi, kafin ya watsar da shirin a 2023.

Daren Buffalo

Ran 12 ga Fabrairun 2009, wani jirgin Colgan Air da ke ɗauke da sunan Continental ya faɗi kan wani gida kusa da garin Buffalo. Mutum 50 suka rasu, 49 a cikin jirgin, ɗaya a ƙasa. Bincike ya ɗora laifin kan kuskuren tuƙi, amma ya kuma tona yadda matuƙan ƙananan kamfanoni ke rayuwa. Mataimakiyar direban, ƴar shekara 24, albashinta na shekara bai wuce dalar Amurka dubu 16 ba. Dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwarmu ba, wato wajen miliyan 7 da rabi na CFA a canjin lokacin. A nan kuɗi ne masu kauri, a can kuwa da ƙyar suke biyan haya da abinci, balle bashin koyon tuƙi. Gidanta yana kusa da Seattle, a ɗaya bakin ƙasar, kuma ta kwana a hanya cikin jiragen dakon kaya don ta iso wurin aiki.

Iyalan mamatan suka yi ta sintiri a majalisar dokoki har aka yi sabuwar doka a 2010. Daga 2013, mai neman zama mataimakin direba a jirgin fasinja sai ya tara awa 1500 yana tuƙi, in ban da waɗanda suka fito daga soja ko wasu jami'o'i da aka rage musu. A da awa 250 ta isa.

Fanshon da ya bi ruwa

Su ma na manyan kamfanoni sun ɗanɗana tasu kuɗar. Tsohon tsari shi ne kamfani ya yi alkawarin biyan matuƙi wani kaso na albashinsa kowane wata bayan ritaya, har ƙarshen ransa. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 fasinja suka ragu, kamfanoni suka fara karyewa. United ta je kotu a Disamban 2002 tana neman kariya daga masu binta bashi, kuma a Mayun 2005 alƙali ya yarda ta sauke asusun fanshon ma'aikatanta, wanda ke da giɓin kusan dalar Amurka miliyar 10. Fanshon matuƙan US Airways ya riga ya tafi a 2003, na Delta ya bi baya a 2006. American kuwa a 2012 ta daskarar da nata: abin da mutum ya tara yana nan, amma ba ya ƙaruwa.

Akwai wata hukumar gwamnati, PBGC, da aka kafa a 1974 don ɗaukar nauyin irin wannan fansho, sai dai tana da iyakar abin da take biya. A 2005 iyakar ta kai wajen dala dubu 45 a shekara ga wanda ya yi ritaya yana da shekara 65. Ga tsiyar: doka ta tilasta wa matuƙa sauka daga aiki a shekara 60, shi kuwa mai sauka a 60 abin da yake samu bai kai dubu 30 ba. Dattawan da suka yi shekara talatin a sama suka wayi gari an zaftare musu babban kaso na abin da suka dogara da shi. A Disamban 2007 aka ɗaga shekarun ritaya zuwa 65. An so a kai su 67, ALPA ta ƙi, kuma dokar sufurin sama ta 2024 ta bar su a 65.

Mai karatu zai ce: me ya hana su canza kamfani? Jerin daɗewa ne ya ɗaure su. Albashi da girman jirgi da ranakun hutu duk suna bin ranar da aka ɗauki mutum aiki. Wanda ya bar kamfaninsa, ko da ya yi shekara ashirin yana tuƙi, a ƙarshen layi zai fara a sabon wuri.

Ranar da kasuwa ta juya

Lokacin annobar korona a 2020, kamfanoni sun lallaɓa dubban matuƙa suka yi ritaya da wuri. Da tafiye-tafiye suka dawo sai aka rasa masu tuƙi. Manyan kamfanoni suka dinga kwashe na ƙananan, su kuma ƙananan dole suka buɗe bakin aljihu: a 2022 kamfanonin da ke ƙarƙashin American suka kai albashin sabon mataimaki dala 90 a awa. A lura, awar tashi kaɗai ake lissafawa, kuma doka ba ta yarda mutum ya wuce awa 1000 a shekara ba.

A 2023 sandikoki suka ga kasuwa ta zo musu. Matuƙan Delta suka sami ƙarin kashi 34 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu, na American da United suka biyo baya da ƙarin da ya kai wajen kashi 40. Maganar ritaya kuwa sun ɗauki darasi. Yanzu kamfani yana zuba kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na albashi kai tsaye cikin asusun da ke ɗauke da sunan matuƙin, wanda ko kamfanin ya karye ba a taɓa shi. Shingen kujera 76 kuma ba su bari an matsar da shi ba.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Da tuƙi ya yi tsada, kai jirgi ƙaramin gari ya daina riba. A 2022 American ta daina zuwa Toledo da Ithaca da Islip da Dubuque saboda ƙarancin matuƙa. Kamfanoni na cewa sharaɗin ya ɗaure musu hannu, matuƙa na cewa ba don shi ba da tuni an mayar da su duka ƴan ƙodago.

Abin da ya shafe mu

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan labari. Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa Air Afrique a 1961, kuma da ya durƙushe a 2002, tsofaffin ma'aikatansa a ƙasashe da dama sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Alkawarin tsufa da aka ajiye a aljihun maigida, ranar da maigida ya karye tare suke karyewa.

Matuƙan Amurka sun rasa fanshon da aka yi musu alkawari, amma iyakar da suka rubuta da lamba, kujera 76 da tan 39, tana nan tsaye. Ƴar kasuwar da ke ba yarinya kaya ta kai talla, da yaron shagon da ke jiran ranar sallama, da masu zubin adashi, kowa ya duba nasa: nawa ne, yaushe ne, a hannun wa kuɗin suke kwana, kuma an rubuta ko ba a rubuta ba? Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya sa tsufanmu ya zo da rufin asiri.