In Jarrabawa Ta Matso, Rufe Littafi Ki Tambayi Kanki

A wannan mako ina so mu tattauna a kan yadda mace za ta yi bita idan jarrabawar aikin gwamnatin jiha ta rage saura mako biyu, ko ta neman shiga aiki ce ko kuwa ta ƙarin girma. Ku ma 'yan makaranta kada ku ce ba da ku ake ba, domin dabarar duk ɗaya ce.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wata abokiyar aikina, mutuniyar ƙasar Roni, mai 'ya'ya uku. Baiwar Allah nan ta yi wata biyu tana karatu. Littafin dokokin aiki sau uku ta karanta shi daga bango zuwa bango, daren jarrabawa kuwa ko runtsawa ba ta yi ba. Da aka raba takarda sai ta ga ta san shafin da amsar take, har ta tuna a gefen hagu take, amma amsar kanta ta ƙi zuwa. Haka ta faɗi, ta zauna a matakinta har shekara ta zagayo, na bayanta suka wuce ta, ƙarin albashin da ta riga ta yi wa lissafin kuɗin makarantar yara kuma ya bi ruwa.

To, ba ƙoƙari ta rasa ba. Kuskurenta shi ne ta ɗauka sabon da ido ya yi da shafi shi ne sani. Ki tuna da makarantarmu ta allo. Malam ba ya tambayar yarinya sau nawa ta kalli allonta. In hadda ce, cewa yake yi ta kife allon ta kawo da ka, in ta kawo daidai sannan ta je ta wanke. Bayan haka kuma ga tilawa, don kada na baya ya zube. Turawa ma sun gano haka. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna a shekarar 1885 cewa yawancin abin da mutum ya haddace yakan zube ne tun a kwanakin farko, kuma maimaitawa da tazarar kwanaki ta fi dankara karatu a zama ɗaya. Saboda haka mako biyun ƙarshe na kife allo ne.

Ga yadda za ki yi. Ki yayyanka takarda ƙanana ƙanana, ki rubuta tambaya a gaba, amsa a baya. Ki nemi gwangwani uku. Tambayar da kika amsa ba gargada ki jefa ta a na farko, wadda kika yi inda-inda a na biyu, wadda ta gagare ki a na uku. Gwangwani na uku kullum za ki buɗe shi, na biyu bayan kwana bibbiyu, na farko kuwa sau ɗaya a mako ya isa. Rai ya fi son ya koma kan abin da ya iya don ya ji daɗi, amma makin da kike nema yana cikin gwangwani na uku.

Me za ki rubuta a takardun? Da farko dokokin aiki. Alal misali, matakan albashi daga 1 zuwa 17 ne, tsarin da ya samo asali daga rahoton Udoji na 1974. A dokokin tarayya, ma'aikaci na mataki na 6 zuwa ƙasa yakan yi shekara 2 kafin ya cancanci ƙarin girma, na 7 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa sama shekara 4. Sai ki gwada wannan da littafin dokokin jiha, ki duba kuma batun hutu, da takardar tuhuma, da bambancin dakatarwa da kora. Ki sani kuma sashe na 197 na Tsarin Mulkin 1999 shi ne ya kafa wa kowace jiha Hukumar Kula da Ma'aikata.

Na biyu, sanin jiharki. Abin kunya ne mace ta faɗi a nan. An ƙirƙiro Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991, zamanin mulkin Janar Babangida. Hedikwatarta Dutse, ƙananan hukumominta 27, masarautunta 5: Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne ƙasar Sarkin Kazaure, Ɓaɓura kuwa tana ƙarƙashin Ringim. Gwamnonin farar hula ki jera su bi da bi: Ali Sa'ad Birnin Kudu a 1992, Saminu Turaki mutumin Kazaure daga 1999 zuwa 2007, Sule Lamiɗo zuwa 2015, Badaru Abubakar mutumin Ɓaɓura zuwa 2023, sannan Umar Namadi ya karɓa a 2023.

Na uku, aikin hannunki. Malama ta duba tsarin darasi da cika rajista, ma'aikaciyar asibiti ta duba nata, sannan kowa ta gwada rubuta wasiƙar ofis da Turanci.

Na san za ki ce ina lokaci, ga girki ga yara ga aiki. Ai shi ya sa na ce takardu ƙanana, don ki ƙulle su a gefen zane. Rabin awa bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ya fi awa biyu na gyangyaɗi bayan isha'i. Kina jiran tukunya ta tafasa, ki miƙa wa 'yarki mai zuwa sakandare takardun ta riƙa yi miki tambaya, ita ma tana ƙaruwa. In kina da abokiyar zama, ki roƙe ta ta karɓar miki girki a kwanakin ƙarshe, ki rama mata daga baya. Maigida kuma a sanar da shi ranar tun da wuri cikin ladabi, don ya shirya batun izini da kuɗin mota.

Sau biyu a cikin makonnin nan ki nemi tsofaffin tambayoyi daga waɗanda suka riga ki, ki ajiye agogo a gabanki, ki amsa kamar a ɗakin jarrabawa kike. In an ce ta kwamfuta ce, to, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je shagon kwamfuta ki zauna ko da awa ɗaya, ki koyi zaɓen amsa da wucewa gaba da komowa baya. Duk wanda kuma ya zo miki da wai yana da tambayoyin bana na sayarwa, ki guje shi, kada ki yi asarar kuɗinki da mutuncinki.

In ya rage kwana uku, kada ki buɗe sabon babi. Ki haɗa takardunki da katin shaida da biro biyu a jaka ɗaya. In Dutse aka ce a je, ke da ke Gwiwa ko Roni kada ki dogara da motar safiya, gara ki tafi tun ana gobe ki kwana wajen 'yan'uwa. Daren nan ki yi barci sosai, da safe ki karya kumallo. In an raba takarda ki yi bisimilla, ki fara da tambayoyin da kika sani, masu wuya ki komo musu daga baya.

Ita abokiyar tawa haka ta yi da shekara ta zagayo, kuma Allah ya ba ta sa'a. Gwangwanayen nata yanzu suna hannun ƙanwarta mai shirin jarrabawar fita sakandare. Allah ya ba duk mai shirin zama sa'a, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.