Makullin Da Ke Hana Keke Juyawa Ba Ya Hana A Ɗauke Shi

A Atantane da ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa, keke shi ne jakin talaka: da shi ɗan kolej ke zuwa lakwal, da shi ake kai buhun wake kasuwa. Amma dubi yadda muke ajiye shi. Mutum ya jingine Phoenix ɗinsa a bangon masallaci, ya danna ɗan makullin nan mai zagaye da ke manne a ƙafar baya, ya ji ƙas, ya jefa mabuɗi aljihu hankali kwance.

Wannan makulli taya kaɗai yake riƙewa. A ranar kasuwa na ga yaro ya ɗaga ƙafar bayan wani keke, ya tura shi da ta gaba ta cikin ƴan tumaki, ba wanda ya ce masa kanzil. A ƙasar rairayi irin tamu kowa ya saba ganin ana tura keke, wa zai yi zargi? Da ya kai bayan rumfuna, sai kan amalanken shanu, a rufe da kara.

Makullin waya mai rigar roba ma kyan ido ne kawai. Siraran wayoyi ne aka murɗa, almakashin ƙarfe na datse su nan take. Wanda ake buɗewa da lambobi uku kuwa, haɗi 1,000 ne duka-duka, mai haƙuri zai laluba kafin a idar da sallar Juma'a.

Abin da ya fi shi ne sarƙa mai kauri, kamar milimita 8 zuwa 10, ta ƙarfen da aka gasa ya yi tauri, da kwaɗo mai gajeren wuya, don kada almakashi ya sami wurin kamawa. Kafin ka biya, ka goga mata zarto a gaban mai shago. In ya ci ta da sauƙi, ta ɗaure akuya ce. Tsada ma ba hujja ba ce: a 2004 an gano ana buɗe wasu makullan Kryptonite na Amurka da bututun biro na Bic, sai da kamfanin ya musanya wa mutane su.

Sarƙar ta ratsa gangar jikin keken da ƙafar baya, ta zagaye abin da ba ya tumɓukuwa, gindin bedi ko ginshiƙin ƙarfe. Dirkar rumfa da aka kafa cikin yashi, girgiza biyu ta fito. Kada kuma kwaɗon ya kwanta a ƙasa, nan guduma ke samun sa. In ƙurar hunturu ta sa ya cije, ka kankare bakin fensir ka zuba a ramin mabuɗi, domin mai yana tara yashi.

Yau ɗin nan ka kifar da keken, ka duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Galibi nan lambarsa take. Ka rubuta ta a bayan rasit, ka ɗauki hoto da salula. In ka je wajen jandarma ko mai gari, da ita za ka bambanta naka da sauran baƙaƙen Phoenix da ke jere a wurin mai gyara.