Kafin zafi ya dawo: rage shirgin gida a Dubai

Mazaunin Dubai yana da wata huɗu kacal a shekara, daga Disamba zuwa Maris, da zai iya buɗe taga, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya sauko da katifa daga hawa na biyar ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba. A Janairu zafin rana bai cika wuce digiri 25 ba. A Yuli da Agusta kuwa yakan haura 40, ga laima mai sa riga ta manne a jiki. Duk wanda bai taɓa kwalayen da ke bayan ƙofarsa a lokacin sanyi ba, to ya bar su sai baɗi.

Abin dariyar shi ne, lokacin sanyin nan shi ne kuma lokacin da kaya suka fi shigowa gida. Bikin sayayya na Dubai, wanda aka fara a 1996, a Disamba da Janairu ake yin sa. Kasuwar baje koli ta Global Village a buɗe take tun daga Oktoba har bayan sanyi ya wuce. Baƙi daga Nijeriya ma a lokacin suke zuwa, a kai su kasuwar Naif da Dragon Mart, su sayi abin da ya fi ƙarfin akwatinsu, su bar ragowar da cewa "ajiye mini, zan aiko a karɓa". Sau da yawa ba a aikowa.

Shirgin Bahaushe a Dubai ba irin na Bature ba ne. Galibinsa ba tsofaffin kaya ba ne, sababbi ne fil a ledarsu: abayoyi, turaruka, takalman yara, tukwanen lantarki, labule. Duk tsaraba ce da ke jiran ranar tafiya gida. Daga ƙarshen 2022 zuwa Oktoban 2024 jiragen Emirates ba su zuwa Nijeriya, biza kuma ta yi wuya, don haka masu kai saƙo suka ragu, kaya suka yi ta hawa kan kaya. An ce ajiya maganin wata rana, kuma gaskiya ne a gidan da ke da sito da zaure. A ɗaki ɗaya da falo a Deira ko Al Nahda, inda ake biyan haya da cek tun kafin a zauna, kowane kwali ɗan haya ne da ba ya biyan ko dirhami ɗaya. Kayan ma ba sa jira yadda mai su yake zato. Turare yana juyewa idan ya sha zafi, tafin takalmi yana ɓarewa, jakar fata tana yin fumfuna a cikin kabad. Yarinyar da aka saya wa riga tana shekara huɗu, yau ta shiga firamare.

Saboda haka aikin farko shi ne a yanke wa tsarabar nan hukunci. Abin da zai tafi, ya tafi a wannan sanyin. Masu jigilar kaya, wato kago, sun cika Deira. Na jirgin sama da kilo suke caji, na ruwa kuma ya fi arha amma sai an yi haƙurin makonni. A ɗora kwalin a sikeli, a yi lissafi. Idan kuɗin kai tukunya Kano ya kusa kuɗin sabuwa a Sabon Gari, a tura wa Hajiyar da aka yi wa tsarabar kuɗin ta saya da kanta, ita ma za ta fi son zaɓinta.

Abin da ba zai tafi ba kuma yana da daraja, a sayar. Birnin da kusan kashi 90 cikin ɗari na mutanensa baƙi ne, kullum wani na tattara komatsansa wani na sauka, ba ya rasa mai neman gado ko firiji na hannu. Ana sa hoto a shafin dubizzle, ko a kama tebur a kasuwar gwanjo ta Dubai Flea Market da ke ci a wuraren shaƙatawa irin su Zabeel idan gari ya yi sanyi. Sai dai a sassauta farashi. Mai saye bai damu da nawa ka biya a Dubai Mall ba.

Kyauta ita ce ta fi sauƙi, kuma azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a ƙarshen sanyi: na 2025 ya kama ranar 1 ga Maris. Ƙungiyoyi irin su Emirates Red Crescent da Beit Al Khair da Dar Al Ber suna karɓar sutura, akwatunansu na nan a unguwanni da kusa da masallatai. A wanke, a ninke, kada a mai da akwatin sadaka juji. A kuma kiyaye: ba da kayanka abu ne daban, amma tara gudummawa daga hannun jama'a ba tare da izini ba laifi ne a dokar ƙasar, ko da a zauren WhatsApp na 'yan gari ɗaya ne kuma da kyakkyawar niyya.

Karyayyar kujera da mataccen injin wanki ba a jingine su a bakin bola ko a matakala. Hukumar birnin tana da masu ɗaukar manyan tarkace kyauta a yankunan da ke hannunta, a wasu rukunin gidaje kuma masu kula da gini ake tambaya. Baranda ma ba sito ba ce, ana cin tara a kanta, kuma kwali da katifa a rana abincin wuta ne. Tsofaffin wayoyi da batura su tafi wurin masu karɓar kayan lantarki, batirin da ya kumbura kada ya kwana a gidan.

Takardu ne kawai ba a yi musu garaje. Yarjejeniyar haya ta Ejari, rasit na kuɗin ajiyar hukumar wuta da ruwa (DEWA) da na mai gida, takardun aiki da na makarantar yara, duk a haɗa su a jaka ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya. Izinin zaman yawancin baƙi a ɗaure yake da aikinsu, kuma ranar da aikin ya ƙare, wannan jakar ce za a fara nema kafin a tuna da labule.